Ranar da 'Yan Asabar Suka Kore Mu

Asabar, bayan la'asar

Mun gama gangaren gidan tsohuwar Malama, kuma ko a gaban wa zan faɗa, 'Yan Asabar, ƙungiyarmu ta aikin taimako, ba su taɓa yin mai kyansa ba. Bayana ciwo yake, tafin hannuna duk ya yi kanta, amma da za a ce akwai wani gidan yanzu, da na ɗauki fulas ɗina na bi su. Baiwar Allahn nan ta daɗe a ɗaki saboda matakalar ƙofarta ta hana kekenta na guragu fita. Yau sai ga ta a bakin titi tana gaisawa da mai kanti, har da yi wa yaran layi faɗa a kan ƙwallo.

Kafin ta hau sai da muka yi gwajinmu na kullum. Shugaba ya naɗe ƙafar wandonsa ya zauna a cikin baro, Mai Walda ya tura shi sama har cikin falo, ya juyo da shi ƙasa. Tsohon hedimasta guda a cikin baron siminti, ya dafe tabarau da hannu ɗaya, yana cewa, "A hankali, Mai Walda, gwaji muke yi ba tsere ba." Na yi dariya har sai da na zauna a kan buhu. Shi dai ya ce duk gangaren da bai hau da kansa ba, ba zai bari wani ya hau ba, shi ya sa ba ma tsallake wannan gwajin.

Keken Malama ya wuce ƙofar sumul. Na lura akwai sabon shafe a gefen ƙofar, kamar an taɓa ta kwanan baya, amma hayaniya ba ta bar ni na tambaya ba. Shayina ya ƙare tas. Ba a banza suke ce mini Uwar Shayi ba.

Kowa sai ya tambaye ni Mai Awo. Haka suke kiran maigidana, saboda duk gidan da za mu yi wa aiki shi yake riga kowa zuwa tun ana saura kwanaki, shi kaɗai da tef ɗinsa na awo, yana zagayawa yana ƙunƙuni. Ba wanda ya taɓa damuwa ya san me yake aunawa, tsokanarsa kawai ake yi. Na ce musu ya yi tafiya, yana wajen Yayarsa. Rabin maganar gaskiya ce, tunda Yaya tana wajensa. Tef ɗin yana cikin jakata.

Lahadi, da yamma

Na je asibiti, Maigida ya ci abinci kaɗan. Bai kalle ni ba.

Litinin, da rana

Likita ya ce nan da mako biyu za a sallame shi. Na ji kamar in rungume likitan, sai na tuna a inda nake, na rungume fulas.

Sannan ma'aikata suka shigo da keken guragun. Ban so in rubuta wannan ba, amma ga shi na rubuta. Sabo ne, yana ƙyalli, suka jingine shi a gefen gado. Maigida ya dube shi sau ɗaya ya juya fuska bango.

A baranda Yaya ta tare ni. Ita ta goya shi yana yaro, har gobe Auta take ce masa duk da furfurar da ke gemunsa, ni kuma har gobe amarya ce a bakinta.

"Amarya, gidanku fa matakala ce tun daga ƙofa. Yaya za ki yi da shi?"

Na ce a ɗauke shi mana, maƙwabta suna nan.

Ta ce, "Ke kin san Auta. Jiya na yi masa wannan maganar, da hannun da yake motsi ya buga ƙarfen gado. Ya ce ba zai shiga gidansa a wuyan kowa ba. Da ƙyar ya haɗa maganar, amma na ji ta sarai. Gidana a shimfiɗe yake, ba hawa ba sauka. In an sallame shi, can zan wuce da shi."

Gidan Yaya tafiyar yini ce a mota. Shagona yana nan, keken ɗinkina yana nan, masu jiran kayansu suna nan. In ya tafi can, na san yadda abin yake zama: a ce sai ya ƙara warwarewa, a ce sai bayan damina, shi ke nan. Na ce bari in je in wanke kwanuka.

Talata, da hantsi

Na tsaya a ƙofar gida ina kallon matakalar nan kamar yau na fara ganinta. Shekara da shekaru ina hawa ina sauka da kaya a kai, ban taɓa sanin tana da tsayi haka ba.

Abin dariya, ni da nake cikin ƙungiyar da aikinta ke nan. Kira ɗaya zan yi su cika layin nan da baro da shebur. Amma akwai doka, kuma wa ya kafa ta? Shi. Farkon kafa ƙungiya wani daga cikinmu ya lallaɓa ya sa aka yi wa katangarsa shafe da sunan aikin taimako, unguwa ta yi ta yi da mu. A taron da ya biyo baya Maigida ya miƙe ya ce daga yau ba a yi wa ɗan ƙungiya aiki a gidansa, ko ƙusa ɗaya. Aka tafa masa. Yana ji da dokar nan kamar 'yarsa ta fari. Shekarar da rufinmu ya yi yoyo shi kaɗai ya hau, Mai Walda yana ƙasa yana roƙonsa ya bari ya riƙe masa tsani, ya ƙi ƙememe.

To ni yanzu in je in ce su karya masa doka a ƙofar gidansa, yana kwance? Ba zai yafe mini ba. Kuma tun ranar nan da ɓarin jikinsa ya shanye ya hana a gaya wa kowa. Ba ya son su gan shi haka.

Talata, da yamma

Na shiga rumfar aikinsa a bayan gida na jawo katako biyu dogaye, na shimfiɗa a kan matakala. Na ce ai ba wani abu ba ne, na sha ganin yadda ake yi. Na taka zan hau, katakon ya zame, na zauna daɓas a ƙasa. Kyanwar maƙwabta ce kawai ta gani, ita ma ta kau da kai.

Rumfar tana nan yadda ya bar ta, da fensir a kan teburi. Ban daɗe a ciki ba.

Laraba, bayan azahar

Asirina ya tonu. Ina fitowa da kwanuka daga ɗakin da aka kwantar da shi sai muka yi kiciɓis da ƙawata Nas, 'yar ƙungiyarmu. Ba a nan take aiki ba, wata maƙwabciyarta ta rako. Ta dube ni, ta dubi kwanukan, ta ɗaga kai ta karanta abin da aka rubuta a saman ƙofar ɗakin.

Ta ce, "Wannan ce tafiyar?"

Ta ja ni kan benci, na gaya mata komai, har da maganar Yaya, har da katakon jiya. Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun ranar. Da na gama sai na ji kaina ya yi sakayau. Na sa ta yi mini alkawari.

Ta dafa ƙirji ta ce, "Haba ƙawata, ba wanda zai ji a bakina."

Alhamis, da safe

Nas ta gaya wa kowa.

Alhamis, da yamma

Ba wanda ya ce mini komai, amma Mai Walda ya wuce ta ƙofar gidanmu a kan babur a hankali, ya dawo, ya sake wucewa, idonsa a kan matakala. Shugaba ya bugo waya ya tambaye ni lafiyar shago, lafiyar keken ɗinki, lafiyar zare, sannan ya yi gyaran murya ya ce kada in fasa taron gobe. Mutanen nan ba su iya ɓoye komai ba, shi ya sa nake son su, shi ya sa kuma nake jin tsoron gobe.

Juma'a, da yamma

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Mun haɗu a ajin da makaranta take ba mu aro, manya da mu a kan bencin yara, gwiwa tana taɓa haɓa. Shugaba ya miƙe, ya gyara tabarau, ya sha mur irin na hedimastoci.

Ya ce, "Dokar ƙungiya ta ce wanda ya fasa aiki Asabar uku a jere ba tare da ya aiko da uzuri ba, an sallame shi. Mai Awo ya cika wannan sharaɗi. Wa ya yarda a sallame shi?"

Hannuwa suka tashi. Duka. Har da Nas.

Na miƙe ban san na miƙe ba. Mutumin da ya kafa rabin ƙungiyar nan, yana kwance, su ce sun kore shi? Na buɗe baki zan zazzage musu abin da ke cikina, Shugaba ya ɗaga mini hannu.

"Ke kuma Uwar Shayi, kin ba ƙungiya labarin da ba haka yake ba game da tafiyar wani ɗan ƙungiya. Ke ma an sallame ki. Wa ya yarda?"

Suka sake ɗagawa. Ba wanda ya iya haɗa ido da ni. Na tattara fulas ɗina da kofuna, har da wanda Mai Walda yake sha bai gama ba, na nufi ƙofa, idona ya rufe. Ina taka bakin ƙofa na ji Shugaba ya ci gaba da murya ɗaya, kamar ba abin da ya faru.

"Batu na gaba. Akwai wani gida a layin bayan kasuwa, na wani kafinta da matarsa tela. Na bincika, ba 'yan ƙungiya ba ne. Matakalarsu tana da tsayi, kuma ana bukatar gangare cikin gaggawa. Wa ya yarda mu je gobe?"

Na tsaya cak. Na juyo. Hannuwa suna sama, wasu biyu-biyu. Nas tana share ido da gefen mayafi tana dariya.

Mai Walda ya ce, "Anti, ki wuce mana, taron 'yan ƙungiya ne. Amma ki bar mini kofina."

Ban san yadda na iso gida ba. A hanya na gaisa da wani da ban sani ba har da tambayarsa iyali. An kore ni, kuma rabon da in ji daɗi haka na manta.

Asabar, bayan la'asar

Tun da sassafe na ji ƙarar mota ana sauke yashi da tsakuwa. Na fito da tsohon zanen aikina na ɗaure ƙugu zan ɗauki shebur, Shugaba ya tare ni.

"Baiwar Allah, ke ce matar gidan? Ki samu wuri ki zauna. Ba ma sa masu gida aiki."

Suka kawo mini kujera daga falona suka zaunar da ni a inuwa. Har shayi suka hana ni dafawa, wai Nas ce Uwar Shayi ta riƙo. Na ɗanɗana nata. Ruwan zafi ne da aka nuna wa ganyen shayi daga nesa. Na ga Mai Walda yana zubar da nasa a gindin bishiya, sai na zagaya ta baya na ɗora tukunya, na riƙa miƙo musu ta tagar kicin. Shugaba ya karɓi nasa yana kallon sama, wai bai ga daga inda ya fito ba.

Aikin kuwa sun yi shi kamar na gidan uwarsu. Shugaba ya ja igiya ya auna, ya sake aunawa, ya ce a ƙara tsawo don kada ya yi tsaye da yawa, mai hannu ɗaya ma ya iya hawa da kansa. Da ya faɗi haka sai shi ma ya ji abin da ya faɗa, ya shiga goge tabarau. Suka kafa katako gefe da gefe, suka zuba tsakuwa, suka kwaɓa siminti a tsakiyar titi har mai kanti ya fito yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. A sama suka bar fili shimfiɗaɗɗe a gaban ƙofa inda keke zai tsaya ya huta. Da simintin ya fara kamawa Nas ta ja tsintsiya a kai don kada ya yi santsi.

Matakalar ta ɓace. Na tsaya ina kallon wurin da take, ina ta murmushi ni kaɗai. An ce in riƙa ba shi ruwa safe da yamma, in rufe da jiƙaƙƙun buhuna, kada kowa ya taka. Ta ƙofar kicin nake shiga yanzu.

Lahadi, da rana

Na gaya masa. Na daɗe ina juya yadda zan fara, daga ƙarshe na ce, "Maigida, an kore ka daga ƙungiya."

Ya juyo. Rabon da ya juyo ya kalle ni sosai tun kafin a kawo keken. Girarsa ta hagu ta ɗaga. Na ba shi labarin taron tiryan-tiryan, har da kwaikwayon muryar Shugaba, har da shayin Nas. Da na zo wajen "ba 'yan ƙungiya ba ne" sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Ba zan rantse cewa dariya ce ba, amma na ga abin da na gani.

Ya daɗe yana haɗa magana. Na jira, na hana kaina ƙarasa masa, don na lura ya tsani hakan. Can ya ce, "Wa ya auna?"

Na ce, "Shugaba da kansa, har sau biyu. Kai dai ka kwantar da hankalinka."

Ya rufe ido. Na ɗauka gamsuwa ce.

Litinin, da yamma

Yaya ta ce ita ba ta ƙi ba, amma sai ta gani da idonta. "Ranar Asabar mu biya ta gidan. In keken ya shiga har ciki ba wanda ya ɗaga Auta, na bar miki mijinki. In bai shiga ba, kayansa suna mota, mu wuce." Na ce na yarda. Har hannu muka tafa, kamar masu cinikin akuya.

Na ba gangare ruwa. Ya fara yin fari a gefe.

Laraba, da yamma

Yau ba daɗi. Ya ture kofi da gangan, mai yi masa motsa jiki ta fita ranta a ɓace. Ba zan rubuta sauran ba.

Na ba gangare ruwa.

Alhamis, da hantsi

Na tashi da ƙarfi kamar an yi mini allura. Na kira maƙwabta muka fito da gado falo, muka tura kujeru bango, na naɗe darduma don kada ta riƙe taya. Na ɗinka sabon labule, na wanke tagogi. Matar da ta zo karɓar ɗinkinta ta tarar da ni a kan teburi ina share yanar gizo ina waƙa, ta tambaye ni ko biki za a yi. Na ce kusan haka.

Juma'a, bayan la'asar

Mai Walda ya kafa ƙarfen riƙewa, ya shafa masa shuɗin fenti. Sannan aka yi gwaji. Shugaba ya shiga baro, aka tura shi sama, ya wuce ƙofa har tsakiyar falona, ya ɗaga hannu kamar wanda ya ci zaɓe, aka juyo da shi. Ya ce bai taɓa hawa mai laushin wannan ba. Muka tafa.

Gobe. Na kasa zama wuri ɗaya. Na goge rigarsa mai ruwan toka, na sake goge ta.

Asabar, da yamma

Bari in bi shi daki-daki, don ina so in riƙe ranar nan yadda take.

Mun iso da hantsi a motar da Yaya ta ɗauko. Na roƙi 'Yan Asabar kada su taru, don na san halinsa. Sun yi mini alkawari. Muna shigowa layi na gan su a gaban kanti, kowa ya juya baya yana duba kayan da ba saya zai yi ba. Shugaba yana karanta bayan gwangwanin madara.

Direba ya buɗe keken, Maigida ya zame ya zauna da kansa kamar yadda aka koya masa. Ya dubi gangaren tun daga ƙasa har sama. Ya kama shuɗin ƙarfen da hannun hagu ya ja, ni kuma ina bayansa na ɗan dafa kawai. Ya hau. A hankali, yana numfashi da ƙarfi, amma ya hau, har filin sama. Na waiga na kalli Yaya.

Na buɗe ƙofa, na tura shi. Ƙarfe ya daki katako.

Na ja baya na gyara, na sake turawa. Tayoyin biyu suka kama gefe da gefe. Na karkata shi, na gwada ta baya. Keken ya fi ƙofar faɗi. Ba da yawa ba, amma ya fi ta.

Baro ya wuce. Baro kullum yana wucewa. A nan na tuna sabon shafen gefen ƙofar Malama, na tuna mutumin da yake riga kowa zuwa da tef yana ƙunƙuni. Shekara da shekaru yana gyara ƙofofin mutane kafin mu iso da barommu da tafinmu, ba wanda ya sani, har ni da nake kwana gida ɗaya da shi.

Mutanen kanti suka matso. Mai Walda ya ce a hankali, "Mu ɗan ɗaga shi, a naɗe keken, minti ɗaya ne." Ya kai hannu. Maigida ya damƙe ƙarfen nan har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Mai Walda ya janye.

Yaya ba ta yi mini gori ba, Allah ya sani. Idonta ya cika ta ce, "Amarya, kun yi ƙoƙari. Rana tana yi, hanya da nisa. Auta, mu je." Ta ce wa direba ya tayar da mota.

Ga gado a falo, ga sabon labule, ina ganinsu ta ƙofar.

Sai Maigida ya saki ƙarfen ya miƙo mini hannu. Na ba shi nawa, ya ture. Ya nuna jakata. Na ciro tef ɗin. Ya riƙe gidan tef ɗin da hagu, ya yi mini nuni da ido in ja bakin. Muka auna keken daga taya zuwa taya. Muka auna ƙofar. Ya ɗaga kai ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, waɗannan mutanen da ya ce ba ya so su gan shi.

Ya ce, "Wa ya auna ƙofa?"

Maganar ta fito da nauyi, amma ba wanda bai ji ba. Shugaba ya cire tabarau. Tsohon hedimasta ya tsaya kamar ɗan aji ɗaya, ya ce, "Ba kowa, Mai Awo."

Maigida ya girgiza kai, ya yi ƙunƙunin nan nasa. Wallahi na yi kewar ƙunƙunin nan. Ya dubi ƙofar. Shi ya yi ta da hannunsa shekarar da muka tare a gidan, ya sassaƙa mata ganye a sama, ba ya bari yara su buga ta. Ya shafa ta sau ɗaya.

Ya ce, "A cire. Da firam." Wato har da katakon da yake riƙe da ita a bango.

Kafin ka ce me layin ya rikice. Mai Walda ya hau babur ya tafi ɗauko kayan aiki, wani ya ruga neman guduma, Nas ta riƙe wa Maigida lema. Suka ja shi gefen filin, ya zauna a nan yana ba da umarni da kalma ɗaya-ɗaya da ɗan yatsa. "Nan." "A'a." "Ƙara." Da Mai Walda ya ɗaga guduma zai doki bango da ƙarfi sai ya daka masa tsawa, tsawa sosai, har Yaya ta zabura. Na ba shi fensir, ya ja layi a bango da hagu, a karkace, ya goge da yatsa ya sake ja. A kan layin suka fasa.

Ban san lokacin da Yaya ta ce wa direba ya kashe mota ba. Na dai gan ta a kicin ɗina tana neman sukari.

Wajen la'asar ƙura ta lafa. Ba ƙofa, sai wawakeken rami da bulo a waje. Aka share ƙasa. Na zo zan tura shi, ya ce, "Bari." Ya kama gefen bangon ya ja kansa, taya ta haye, ya shiga falonsa. Ba wanda ya taɓa shi.

Ba a tafa ba. Mai Walda ya fita waje wai ƙura ta shiga idonsa. Yaya ta je mota da kanta ta ɗauko jakar kayansa ta ajiye a kan gado, ta ce, "Amarya, ga mijinki nan. Maganin safe daban, na dare daban."

Lahadi, da safe

Sabon labulen nan shi muka rataya a ramin muka kwana, Mai Walda zai kawo ƙofar wucin gadi anjima. Maigida ya ce tsohuwar za a ƙara mata faɗi, kada wanda ya taɓa ta sai yana wurin.

Shugaba ya zo da sassafe da tabarau da muryar taro. Ya zauna a bakin gado ya ce ƙungiya ta duba, wanda aka sallama yana iya dawowa in ya yi aikin Asabar guda cikakke, kuma jiya kowa shaida ne. Saboda haka ya zo ya mayar da mu, ni da shi, yau ɗin nan.

Na ji daɗi har na fara godiya. Maigida ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya daɗe yana haɗa maganar, muka jira shi.

Ya ce, "Kada a mayar da mu tukuna." Ya nuna cikin gida da tef ɗin. "Akwai ƙofar banɗaki."

Shugaba ya gyara tabarau. Ya ce to Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu. Na tashi na ɗora shayi.